Ƙafar Yaron Iya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta Ya kuma ɗauke ta. Ni Dije, masaƙiyar tabarma a nan cikin Haɗeja, ban iya rubutu ba. Baki nake bayarwa, mai alƙalami yana bi. Mai alƙalamin kuwa shi ne mai ƙafar da za a yi zancenta, don haka in kun ga an rage wani abu, kun san wanda ya rage. Na sa a rubuta ne saboda damina na tafe, kurkunu zai sake shiga gidaje, kuma na san akwai matan da za su yi irin jinyar da muka yi.

Shi ne ɗana na fari. Mu asalinmu Fulani ne, kakana da shanu ya shigo ƙasar nan. Shanun sun ƙare, kunyar ba ta ƙare ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Ana yaye shi uwar mijina, Iya, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta da ke ɗaya gefen tsakar gida. Ita ke ce masa Maigidana. Ni in ya zama dole sai in ce yaron Iya. Shi ma bai taɓa ce mini Inna ba, sai dai ya ce wa ƙannensa, "Ku gaya wa ta ɗakin can."

Lokacin da abin ya faru ya tasa, murya ta fara buɗewa, ya soma kai azumi har magariba. Ƙafarsa ba ta san zama ba. Da an taso daga gona sai ya nufi lambun mangwaro na bakin kogi, inda samari ke taruwa suna langa da kokawa da iyo. Iya kullum cikin mita take wai yawo ya yi masa yawa.

Shamuwa ta zo, an yi shuka, sai ya fara susar idon sawunsa na hagu. Zazzaɓi ya biyo. Kafin kasuwa ta zagayo wurin ya yi bororo, yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Ya tsoma ƙafar a kaskon ruwa don ya ji sanyi, bororon ya fashe, wani farin abu kamar zare ya leƙo. Iya ta duba ta ce, "Baƙo ya zo. Kurkunu ne."

Ni tun ina yarinya tambaya ta yi mini yawa, har uwata takan ce wata rana sai na tambayi mai wankan gawa ko ruwan da zafi. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina saƙa, ido na kan kaba, kunne na can. Ta ina wannan abu yake shiga jikin mutum? Iya ta ce taka sawun mai shi ake yi. Maigida, uban yaron, ya ce raɓar safiya ce. Wata mai tallan daddawa ta rantse mini jijiyar mutum ce ke ruɓewa ta fito. Na ce to in jijiya ce, me ya sa take motsi in ta ji ruwa? Ta ce ita daddawa take sayarwa.

Gaskiya a faɗe ta, Iya ta iya naɗin kurkunu. Takan kama bakinsa ta ɗaura a tsinke, kowace safiya ta murza kaɗan, da ta ji ya yi tauri sai ta tsaya, ta shafa man shanu ta ɗaure da tsumma. Na idon sawu haka ya fita lafiya, dogo har ya ba ni mamaki. Na so in ɗauka in duba ko yana da ido, kunya ta hana ni matsawa.

Ba a gama murna ba na biyu ya fito, a gefen gwiwar dama. Wannan shi ne mugun. Ana cikin lallaɓa shi sai ga wani ƙanin maigida ya zo dubiya daga Auyo, masunci ne, mai gaggawar tsiya. Iya ta zagaya bayan gida, shi kuwa ya tsuguna ya ce, "Haba, wannan ɗan abin ake ta wa sarauta? Ni da nake jawo tarwaɗa mai tsawon hannu!" Ya ja. Abin ya tsinke, ragowar ya koma ciki.

Wayyo, makon da ya biyo baya ba na son tuna shi. Gwiwa ta kumbura kamar gorar masunta, tana sheƙi, ko ƙuda ya sauka a kai sai yaron ya yi ƙara. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa maganin. Wannan ta ce a shafa kashin shanu mai ɗumi, wancan ya ce lalle da kanwa, wata ta kawo sassaƙe mai ɗaci. An yi duka. An karɓo rubutu ya sha, zakarana ya tafi a nan. Da mugunya ta taru aka kira wanzami ya yi masa sakiya, wato ya gasa ƙarfe ya huda kumburin. Ranar na laɓe bayan zana na kama taɓarya ina daka don kada in ji ihunsa. Sai da aka gama na lura turmin ba komai a ciki. Akuyata ta bi wanzami da masu magani, tabarmin da na tara don kasuwa su ma suka bi ta.

Ga inda nake so mata su buɗe kunne. Yaron ya gano in ya lanƙwashe ƙafar zafin yana raguwa. Iya ta ga haka, ta tura masa matashi a ƙarƙashin gwiwa, ta kafa doka: ƙafar Maigidanta ba za ta taɓa ƙasa ba sai ciwo ya bushe, wai ƙasa tana jan ciwo. Ta zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Kunu a baki, romon kifi a baki, fura a baki. In zai zagaya ubansa ke ɗaukarsa. Ban taɓa ganin jinya mai kyau irin wannan ba, kuma har gobe ina gode mata. Damina ta yi nisa, fadama ta cika, shinkafa ta yi ciki, yana kwance. Da kaka ciwon ya bushe tas. Aka zare matashi, ƙafa ta ƙi miƙewa. Ta hagun ma, da tuni ta warke, ta rame kamar kara, ba ta iya ɗaukarsa. Sai ya koma jan gindi.

Iya ta ce ai saura ne, ya ƙara hutawa.

Ni kuwa wani abu ya tsaya mini a rai. Akwai mai ga-ruwan da ke kawo mana ruwa, baƙo ne, ba shi da kowa a garin. Da damina na gan shi da tsinke ɗaure a ƙwauri, shi ma kurkunun ne, yana ɗingishi da garwa biyu a kafaɗa. Da kaka sai ga shi yana tafiya tsaf. Na tare shi ta jikin zana na ce, "Bawan Allah, wane magani ka sha?" Ya yi dariya ya ce, "Uwar gida, wa zai ba ni? In na kwanta wa zai ciyar da ni?" Na koma na zauna ina juya maganar. Wanda ba shi da mai jinya ya miƙe, wanda aka fi kowa yi wa jinya ya naɗe. Na dubi kabar da ke hannuna. Na san in ta bushe a lanƙwashe, sai an jiƙa ta an yi ta murzawa kafin ta miƙe, in kuwa ta daɗe sosai sai dai ta karye.

Amma wa zan gaya wa? Na gwada maigida. Ya ce, "Dije, ɗan Iya ne. Ni in tsaya gaban tsohuwa ina gardama a kan ɗan fari? Me duniya za ta ce?" Na ce duniya ce za ta ɗauke shi in ya zama gurgu? Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ina da ƙane, Garba, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Turawa, yanzu masinja ne a ofishin En'e, an ba shi keke. Shi ya yi ta yi wa Iya daɗin baki har ta yarda a kai yaron asibitin En'e. Aka ɗora shi a jaki. Ni ba ni da dalilin bin su, sai na goya 'yar autata na ce idonta na ciwo. Idonta garau.

Tun hantsi muke layi a gindin tsamiya har rana ta take. Mai tsaron ƙofa yana ta daka mana tsawa kamar awaki, wanda ya san wani ya wuce ta gefe, mu muna kallo. Wari kuwa, na magani da na miki, sai da na toshe hanci da mayafi. An ce Likita Bature yakan zo daga Kano jefi-jefi, mu dai ba mu gan shi ba. Disfensa muka samu, wani siririn mutum da ya gaji har muryarsa ta dushe. Ya taɓa gwiwar, ya kama diddige ya ja a hankali. Yaron ya ƙwalla ihu. Iya ta yi tsalle ta ce, "Allah ya isa! Mun kawo maka yaro ka ba shi magani, za ka ɓalla shi?"

Ya ce, "Iya, ciwon ya warke. Wannan da kike gani kwanciya ce ta kawo shi. Ba ni da maganinsa a kwalba. Atisaye yake so."

Iya ta ce atisaye na soja ne, jikanta ba soja ba ne. Ta sa Garba ya ɗauke shi suka fita.

Ni na tsaya da 'yar autata. Ya duba idonta ya dube ni. Na ce, "Malam, wata maƙwabciyata ce ta ce in tambaya. Wai shi kurkunu ta ina yake shiga?" Ya ɗan yi murmushi. Ya ɗauko wata kwalba da ruwan tafki a ciki, ya ɗaga ta saitin taga ya ce in matso. Ikon Allah! Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne suke ta zillo a ciki, ba su kai kan allura ba. Ya ce a cikinsu ƙwan yake, a sha su bana, ya fito baɗi. A tace ruwa da ƙyalle mai kauri ko a tafasa, shi ke nan. Wallahi na manta da warin wurin, da ya bar ni da na wuni ina kallon kwalbar nan. Ashe ba raɓa, ba sawu, a randarmu abin yake.

Na ce, "Ta kuma ce in tambaya, ƙafar da ta naɗe fa?"

Ya ce, "Ki gaya wa maƙwabciyar taki, a gasa gwiwar da ruwan ɗumi, a shafa mai, a ja kullum ko yana kuka. Ya taka, yau zuwa ƙofar ɗaki, gobe zuwa zaure, jibi waje. In ya samu keke ya fi. In damina ta sake samunsa a haka, ko Likita Bature ba zai miƙe ta ba." Ya ƙara da cewa, "Ki ce mata kada ta ji kunya." Na sunkuyar da kai na fita.

Garba ya gwada nasa. Ya shigo da keken har tsakar gida, yana kaɗa ƙararrawa, ya ce, "Ɗana, taso ka hau. In ka ƙi kuwa sai dai mu naɗa ka sarkin langa, tunda ƙafar ta riga ta naɗe kanta." Yaron ya yi dariya, ya yarda aka ɗaga shi. Ana ɗora ƙafar a feda ya sa ihu. Iya ta fito da muciya, tsohon soja guda ya fita zaure da gudu yana jan kekensa.

Daga ranar yaron ya ƙi kowa. Ya ji zafi sau biyu, ya tsorata. Abokansa da ke zuwa suna ba shi labarin bakin kogi suka rage zuwa, shi ma ya daina tambaya. Ya koyi dara, yana yi da Iya a ƙasan ɗaki. Fuska ta yi ƙiba, ƙafafu suna ƙara ramewa. Sanyi ya shigo, agwagin daji suka cika fadama, yara na ta zuwa kallo, shi ko leƙe. Ni ina saƙa ina lissafin watannin da suka rage kafin shamuwa ta dawo, ina jin haushin Iya, da na maigida, da na kaina.

Ran nan da hantsi mata sun cika gidan, ana casar shinkafa. Sai aka yi sallama aka miƙo saƙo daga wurin masassaƙi. Iya ta kwance ƙunshin. Wasu katakai ne guda biyu masu mariƙi, irin waɗanda guragu ke riƙewa a hannu in suna jan jiki, don kada ƙasa ta ci musu tafi. An goge su sumul, har da ɗan zane a gefe. Ita ta sa a yi, don tausayi, ta ga tafin hannunsa ya fara kanta. Ta kira shi, "Maigidana, zo ka ga takalman da na yi maka."

Ya jawo jiki zuwa ƙofar ɗaki, ya sa hannu a ciki, ya gwada. Ƙwas, ƙwas. Ya ɗaga kai ya yi dariya ya ce, "Iya, sun yi daidai."

Dariyar nan ce ta gama da ni. Da kuka ya yi da wataƙila na daure.

Ban san lokacin da na ajiye kaba na miƙe ba. Na tsaya a ƙofar ɗakina, tsakar gida duka na tsakaninmu, na buɗe baki na kira shi da sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa. Taɓare suka tsaya a sama. Wata ta ce, "La ilaha illallahu." Shi kuwa sai waige-waige yake yi yana neman mai kiran, don bai san yadda sunan yake a muryata ba. Na sake kira. Na ce, "Ajiye waɗannan. Tashi ka zo nan, da ƙafarka."

Iya ta ce, "Dije! Kin haukace? A gaban mutane?"

Na ce, "Iya, ki yafe ni. Na haukace."

Ya zuba mini ido. Ya zare hannuwansa daga katakan. Ya kama dogarin ƙofa ya ja jikinsa sama, ƙafar hagu na rawa, ta dama ko yatsa bai kai ƙasa sosai ba. Ya bi jikin katanga. Inda katanga ta ƙare ya kama turmi, matar da ke wurin ta ja da baya. Daga turmi zuwa wurina babu abin kamawa. Ya saki, ya dangwala yatsun dama a ƙasa, ya faɗi. Iya ta zabura. Ban san daga ina na samu muryar ba, na ce, "Kada wanda ya taɓa shi." Duk rayuwarsa in ya faɗi kau da kai nake yi. Ranar ban kau da ba, ina kallonsa har ya tashi. Ya iso gumi da hawaye sun haɗu, ya kama kafaɗata don kada ya sake faɗuwa. Rabon da jikinsa ya taɓa nawa tun yaye.

Yana haki ya ce, "Ashe kin san sunan?"

Na ce, "Rufe mini baki. Zauna, miƙo ƙafar."

Na sa ƙanwarsa ta kawo ruwan ɗumi da man shanu. A gaban matan nan na gasa gwiwar, na shafa, na ja. Ya yi ihu, na yi kuka, ban saki ba.

Labari ya riga la'asar isa kasuwa: Bafulatanar gidan Iya ta zubar da kunya. Wata gwaggota ta yi tattaki daga Guri musamman don ta yi mini faɗa. Maigida ya kwana biyu ba ya haɗa ido da ni. Iya ta daina amsa gaisuwata. Amma kullum da safe sai in ji taku a jikin katanga, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina ya miƙo ƙafa. Daga tsakar gida ya kai zaure. Daga zaure ya kai masallacin unguwa da sanda.

Katakan nan ban san inda suka shiga ba, sai wata safiya na ga wutar murhun Iya tana ci da wani itace mai zane a gefe. Daga nan ta fara aiken yaron. Da farko goro, a bakin layi. Bayan mako guda ta ce goron bakin layi ya lalace, na mai tebur a kasuwa take so. Can kuma ta ce duk garin nan ba mai goron kirki sai wani tsoho a bakin ƙofar gari. Tsohuwar da haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba! Goron yana nan tare a ƙarƙashin gadonta, ni na gani.

Garba ya dawo da kekensa, wannan karon ba muciya. Yakan riƙe sirdi yana turawa, feda na ɗaga gwiwar tana sauke ta, tana yin abin da hannuna ke yi amma ba tare da an lura ba. Na yi ta mamakin wannan ƙarfe, har na sa Garba ya kifa shi ya nuna mini yadda sarƙa ke jan taya. Da bazara, mangwaro ya nuna, yaron Iya ya tafi lambun bakin kogi da ƙafarsa, ba sanda, ya dawo da yamma ƙura har gwiwa. Ya ba Iya mangwaro. Ya ba ƙanwarsa ɗaya ya ce, "Kai wa ta ɗakin can."

Ƙafar ba ta koma daidai ba. In sanyi ya yi yana ɗan ɗingishi, kuma na san da mun fara tun kaka da ko wannan babu. Don haka, mata 'yan'uwana, ku tace ruwan sha da ƙyalle. Kada ku bar mai gaggawa kusa da tsinke. In ciwo ya bushe ku tashi yaro ya taka, ko zai tsine muku. Samarin da kuke yi wa faɗa don sun tafi bakin kogi, ku bar su su tafi, ku ma kora wanda ya cika zama. Na gode wa Iya da ta raya shi, na gode wa disfensan nan mai dusasshiyar murya, da Garba, da mai ga-ruwa. Ƙanin maigida na Auyo kuwa na yafe masa, amma har yau in ya zo ba na ba shi fura mai nono da yawa.

To, na ce a rufe a nan, mai alƙalami ya ƙi. Wai ya bar fili a wurin da na kira shi, kuma ba zai rubuta sunan ba sai ya ji daga bakina, tunda malaminsu na ajin manya ya ce a rubuta abin da aka ji kawai. Ji ɗan banza! Tun ranar nan ban sake kamawa ba, na koma ce masa yaron Iya, shi ma ya sani. Na ce ya cike da kansa, ya ce ya manta sunan.

Na ce to, tashi ka je can bakin zaure ka tsaya. In zan zubar da kunyata karo na biyu, sai na ga tafiyar da na saya da ita. Ya tafi. Na leƙa ba kowa a tsakar gida sai Iya, ta juya baya wai tana tsince shinkafa. Na kira. Ya taho yana taku, ba katanga, ba turmi, har gabana. Ga shi ya zauna ya ɗauki alƙalami, yana rubutawa.

Isiyaku.